Suna na Bakwai a Katin Ɗanmalam

Shagari,
Juma'a, 5 ga Yuli.

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Jamilatu da yara. Yaya aiki, yaya ruwa a Boɗinga? Mu nan an samu ruwa biyu masu kyau, gero ya miƙe, Baba kuma lafiyarsa lau in ban da idon da ka sani. Gaisuwar ke nan, ka riƙe ta da kyau, domin abin da zai biyo bayanta ba mai daɗi ba ne.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali kowa da wayarsa. Dalili biyu ne. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana sai ka ce kana mitin. Na biyu, tun da idon Baba ya tafi kunnensa ya ninka, ko a bayan ɗaki na yi raɗa sai ya ji. Shi ya sa na zauna a ofishin malamai bayan an tashi yara na rubuto, zan ba Nuhu direba ya miƙa maka a sakatariya.

Maganar rediyon nan ce da ka kawo bayan Sallah. Ban ce ba ka kyauta ba. Ƙaton abu mai lasifika biyu, ga rimot, ga gilashi mai walƙiya, mutanen unguwa har yau suna shigowa kallo. Na tuna yadda ka tsaya a tsakar ɗaki kana yi mana lacca, wai an wuce zamanin murɗa-murɗa. Wai akwai maɓalli mai haruffa uku, PTY, in ka danna sai ka zaɓi irin shirin da kake so, labarai ko addini ko wasanni ko kiɗa, shi kuma rediyon ya nemo maka tashar da kansa. Ka zaɓi addini ka danna, lambobi suka yi ta gudu suka dawo inda suka fara. Ka zaɓi labarai, haka. Sai ka ce yanzu ba lokacin shirin ba ne, an jima zai kama. Ka sha fura, ka jefa tsohon rediyon Baba da kwalin sabon a but ɗin mota, wai don kada ya koma wa tsohon, ka ja motarka.

To, yau kwana goma sha uku, bai kama ba. Na danna da safe, na danna da azahar, na danna har yatsana ya san wurin ba sai na duba ba. Duk irin shirin da na zaɓa sai ya yi tserensa ya dawo hannu rabbana. In na bi ta hanyar da aka saba ina samun tashoshin FM biyu ko uku, amma tashar Baba ba ta ciki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kai a ganinka rediyo abin kashe wa tsoho lokaci ne, kowace tasha ta yi. Bari in fasa maka wani sirri, Allah ya yafe mini, don Baba bai ce in faɗa ba.

Ka san Ɗanmalam mai albasa na Danchadi, aminin Baba tun yana malamin gona a can. Ka san kuma abin da ya raba su. Baba ya kawo sabon irin albasa ya yaba shi, Ɗanmalam ya cika fadamarsa da shi, albasar ta yi kyau a gona ta ruɓe a ajiya, Ɗanmalam ya tsaya a kasuwa ya kira Baba malamin gonar takarda. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba su ga juna ba, ba waya, ba saƙo. Wannan kowa ya sani. Abin da ba ka sani ba shi ne, duk ranar Alhamis bayan la'asar, a shirin gaishe-gaishe, ana karanta katin Ɗanmalam. Mutum bakwai yake gayarwa, na bakwai shi ne Malam Muhammadu Shagari. Sunan kawai, ba ƙari. Idan Baba ya ji, ranar Juma'a sai ya kira ni in cika masa nasa katin, ya jera mutanensa, a can ƙarshe ya ce, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, a sa Ɗanmalam Danchadi. In ba Nuhu ya kai Sakkwato, Alhamis mai zuwa a karanta. Tun yana rubutawa da hannunsa har ya koma ni ke rubuta masa, ba a taɓa tsallake mako ba. Abin da ya rage musu ke nan a duniya.

Alhamis biyu sun wuce bai ji ba, Juma'a biyu bai aika ba. Yau da safe na ɗauko biro na ce mu cika katin haka nan, ai mun san yana gaishe mu. Ya juya mini kai ya ce, "Ban gaida wanda ban jiya ba." Ka san ubanka, dutse ya fi shi saurin juyawa.

Na ce to bari in aro ƙaramin rediyo a maƙwabta. Nan ne raina ya ɓaci da gaske. Cewa ya yi in aka ji wani rediyo a ɗakinsa, gari zai ce kyautar Maniru ta banza ce, shi kuwa ba zai kunyata ɗansa ba. Ka ji fa. Yana zaune jiya bayan la'asar, hannunsa a kan ƙaton akwatinka, ana ta zuba masa tallar sabulu, yana kare maka mutunci, kai kana can ba ka ma san abin da ka ɗauke masa ba.

Ka dawo da tsohon rediyon nan kafin Alhamis. In kai ka kawo shi da hannunka zai karɓa. Wanda maɓallinsa ya ɓalle Baba ya ɗaure da zare, shi nake nufi, da lalube yake kai shi tasharsa ko a duhu.

Ka gai da Jamilatu, ka shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Zuwaira.


Shagari,
Juma'a, 12 ga Yuli.

Ƙanena Maniru,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kun wayi gari lafiya, kuma zazzaɓin da na ji ya taɓa Jamilatu ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Na ga saƙonka a waya, har da hotuna huɗu masu kibiyoyi. Sannu da ƙoƙari. Na rubuto maka cewa ubanka na neman rasa amininsa, ka amsa mini da yadda ake danna maɓalli: a danna, a juya har a ga kalmar, a sake dannawa cikin daƙiƙa biyar. A ga kalmar, Maniru! Wa zai gani? Mutumin da sai an gaya masa rana ta fito? Ni kuwa da ka ce wataƙila ban iya ba ne, shekarata goma sha tara ina koyar da lissafi, maɓalli ɗaya bai fi ƙarfina ba. Ni na goya ka, ni na koya maka ɗaure takalmi.

Sai kuma layin ƙarshe, wanda ka liƙa a ƙasa ko za a yi sa'a in ƙi gani, cewa ka ba maigadin ofishinku tsohon rediyon, kuma kyauta ba a karɓe ta. Kyauta da kayan wa? Shekara ashirin da wani abu yana hannun Baba, fentin gefensa har ya goge daidai wurin babban yatsansa.

Tun da ka ce laifina ne, ranar Talata na ɗauko Saminu mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Bai ko zauna ba ya fara dariya. Ga abin da ya ce, ka karanta a hankali, kai mai lacca. Wannan neman tasha ta irin shiri ba rediyon ne ke saurare ya gane wa'azi ake yi ko ƙwallo ba. Tashar ce ke aiko da wata ɓoyayyiyar alama tare da muryarta, tana cewa ni ta labarai ce, ni ta kiɗa ce, shi kuma ya karanta. A ƙasashen da aka ƙera shi haka suke yi. Saminu ya ce shi dai a iya abin da ake kamawa a Shagari bai taɓa cin karo da tashar da ke aiko da ita ba. Wato kwana ashirin ina tambayar hanya a garin da ba kowa. Ya ƙara da cewa ko da suna aikowa, abin a FM kaɗai yake aiki, tashar Baba kuwa a matsakaicin zango take.

Na ce to shi ke nan, ba ya kama ta? Ya ce yana kamawa sarai, amma sai da wata ƴar baƙar eriya mai kamar zobe, faɗin tafin hannu, da ake soka wa a baya. Tare suke zuwa a kwali. Ya gwada haɗa wata eriyar da wayar wuta, sai ƙugi kawai, don ramin na daban ne, sai tasa. Kwalin yana ina, Maniru? Yana wurinka. Ka ɗauke tsohon da ke aiki, ka ɗauke abin da zai sa sabon ya yi aiki, ka bar mana haruffa uku. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Jiya Alhamis ban iya zama ba. Na ce wa Baba zan je duba Asabe, abokiyar aikina, na tafi na zauna a gindin ƙaramin rediyonta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Aka karanta kati ya kai ashirin, sai ga na Ɗanmalam. Maniru, da sunan Baba ya fara. Na farko, kafin ƴaƴansa, kafin limaminsu. Mai gabatarwa har ya ɗan tsaya, ya ce akwai rubutu a gefe, ya karanta: ana tambaya ko Malam Muhammadu lafiya. A shekara goma sha ɗaya wannan ce kalma ta farko da ɗayansu ya ƙara a kan suna. Asabe ta ga ina share ido ta ɗauka rasuwa aka sanar.

Na dawo da gudu-gudu na faɗa wa Baba. Na ce a raina yau an gama. Can sai ya ce, "Ɗanmalam ɗin? Shi sa ni na hwari? Ke dai kin so ki hwaranta min rai, Allah shi yi miki albarka." Na rantse, ya ce in bar rantsuwa. Na ce a kira Asabe ta shaida, ya ce in na kuskura na sa bare a maganar nan zai saɓa mini. Abin ya yi masa kyau da yawa har ya kasa yarda, kuma ba zai ɗaga kai ya gai da mutumin da ya zage shi a kasuwa a kan ƙila-wa-ƙala ba. Sai ya ji da kunnensa.

Wallahi na so in cika katin a ɓoye in ba Nuhu. Amma katunan suna ƙarƙashin matashinsa, a ƙirge, kuma in na sayi wani na aika da sunansa ya ji labari, ni ma zan shiga layin Ɗanmalam. Na haƙura, ban san ko daidai na yi ba.

Ba ya cin abincin kirki. Jiya tuwon dare ya dawo kamar yadda aka kai. In baƙi sun shigo kuwa sai ya shafa lasifika ya ce Maniru ya kawo, daga Boɗinga. Duk sanda ya faɗi haka sai in fita tsakar gida, don in na tsaya zan yi maganar da ba ta dace ba.

Ba na son hoto, ba na son kibiya. Ka buɗe kwalin nan yau, ka ciro zoben, ka ba Nuhu gobe. Aikin minti biyar ne.

Ina gai da mutanen gida baki ɗaya. Duk da haka kai ƙanena ne, ba ni da wani.

Taka,
Zuwaira.


Shagari,
Juma'a, 26 ga Yuli.

Maniru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kowa lafiya. Ka miƙa godiyata ta musamman ga Jamilatu, Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata zuriya.

Ita na fara gode wa domin ita ta yi aikin. Nuhu ya gaya mini ita ta zazzage kwalin, ta tarar da zoben a cikin ledarsa ko ɓare shi ba a yi ba, ta kawo masa tashar mota da ƙafarta ranar Laraba. Kwana goma sha biyu bayan takardata. Na san ka yi tafiyar aiki, na ji. Amma kwana uku ka yi a Sakkwato, sauran taran fa? A cikinsu wata Alhamis ta wuce. Na koma gidan Asabe, Ɗanmalam ya sake sa Baba a farko, ya sake tambaya. Ban ma gaya wa Baba ba a wannan karon, me zan ce masa da zai yarda?

Saminu ya soka zoben, ya juya shi wajen taga, ya murɗa da hannu kamar yadda ake yi tun kaka da kakanni, sai ga tashar tangaram. Ko kusa da maɓallinka bai je ba. Baba ya ji muryar mai labarai ya ce Alhamdu lillahi, ya ce ai ya san kayan Maniru ba za su ƙi aiki ba. Na fita tsakar gida.

Jiya tun azahar ya yi wanka ya sa farar rigarsa. Ana sallame la'asar ya dawo ya zauna, ya ce in rufe ƙofa kada yara su dame shi. Katin Ɗanmalam ya zo wajen tsakiyar shiri. Na ga Baba ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa yana lanƙwasa yatsu. Ba da sunansa aka fara ba, wannan bai dame shi ba, shi dama a ƙarshe ya san kansa. Ɗaya, biyu, uku, ya cika hannu ya koma ɗayan. Shida. Mai gabatarwa ya ce Allah ya bar zumunci, ya ɗauki katin wani daga Lambara.

Yatsan nan na bakwai ya daɗe a miƙe, Maniru. Ya saurari shirin har ƙarshe, har kiɗan rufewa, ko an manta ne za a gyara. Ba a gyara ba. Da kai ne a ɗakin nan da ka gwammace a mare ka.

Na yi zaton zai yi faɗa, ya ce ga shi nan, dama ya faɗa. Sai ya tambaye ni, a hankali, ko abin da na gaya masa rannan gaskiya ne. Na ce gaskiya ne, kuma an maimaita a makon da ya biyo. Ya ƙirga da bakinsa makonnin da Ɗanmalam ya gaishe shi ba a karanta nasa katin ba, ya ce, "Sallama ukku yay yi, ba a amsa mai ba. Wanda yay yi ukku komawa shika yi. Shi ad da gaskiya." Ban taɓa jin Baba ya ba Ɗanmalam gaskiya ba sai jiya.

Na ɗauko biro na ce to mu cika kati yanzu, mu sa shi a farko, mu yi bayanin rediyo. Ya ce wanda ya juya ya tafi ba a aika masa kati, kuma ba zai sa a karanta wa duniya cewa ɗansa ne sanadi ba. Har a nan ma kai yake karewa. Ni kam na gaji da kare ka, shi ya sa nake rubuta komai yadda ya faru, ka karanta ka ji abin da na ji. Ban wanke kaina ba. Da na yi ƙarfin hali na aika katin nan a ɓoye, wataƙila da fushin Baba kawai zan sha, ya huce. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma kai ka shigo gidan mutum ka canza masa abin da ba ka tambaye shi amfaninsa ba.

Yau da safe bayan ya karya ya kira ni ya ce in buɗe rumbu in auno gero mudun Annabi goma, in raba wa mabuƙata goma kafin a tafi masallaci. Na ce sadakar mece ce? Ya ce kaffara ce. Ashe ranar da abin ya faru a kasuwa ya rantse da Allah ba zai sake taka Danchadi ba. Ko Inna, Allah ya jiƙanta, bai gaya wa ba. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da rantsuwar nan, yau ya sa na auna gero ya karya ta. Na raba, na dawo, ya tambaye ni ko goman sun cika.

Saboda haka ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Gobe Asabar, ba ofis, ba mitin. Ka zo da mota da hantsi. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Kada ka kawo tsaraba, kada ka kawo wani sabon abu mai maɓalli, kai kaɗai muke so da mai a tanki.

Ban san ko Ɗanmalam zai fito ba. Mutum ne mai zuciya, kuma a ganinsa ya sauko har ƙasa an ƙyale shi. Na faɗa wa Baba haka, ya ce ya sani, shi ma zai tsaya a ƙofar gidan ya yi tasa sallamar har uku. Ba ya ganin hanya, kuma rabonsa da garin tun yana da ido. Kai za ka riƙe masa hannu daga mota har bakin zauren, ka tsaya a gefensa ka saurara tare da shi. In an amsa, ka gode wa Allah. In ba a amsa ba, kai za ka juyo da shi.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa mu ji alheri.

Yayarka da ke jiranka,
Zuwaira Muhammadu.